Kunne da Akwati Mai Shiru

A layin masu gyaran lantarki, in ka tambayi sunansa na yanka sai a yi ta kallon-kallo. Amma ka ce Kunne, ko mai shayi zai nuna maka shagonsa da baki. Dogo ne siriri, ya ɗan ranƙwafa kamar mai shirin jin sirri. A aljihun gabansa ba a rasa wata tsohuwar sukudireba mai jar ƙota, wadda tafin hannu ya goge har ta yi sheƙi.

A masaƙa ya samo sunan, inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gaban manyan akwatunan ƙarfe cike da rile. Rile ɗan makunni ne da wuta ke ja da kanta: in ya kama ya ce ƙwas, in ya saki ya ce ƙwas. Idan inji ya tsaya, sai Kunne ya ɗora tsinin sukudireba a jikin akwatin, ya manna ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido. Can sai ya ce, "Na ƙasan nan ne ya shaƙe." A buɗe, a tarar haka ne. A wurinsa akwatin wuta kamar gida ne mai yawan jama'a, daga hayaniyarsa ake gane lafiyarsa. Da masaƙar ta rufe sai ya kama ɗan shago, ya koma gyaran fanka da injin ruwa da dutsen guga. Hannu ya rage aiki, kunne kuwa bai yi ritaya ba.

Mutum ɗaya ce a duniya ba ta kiransa Kunne, ita ce yayarsa. Ita ta goya shi, don haka ko a gaban jikokinsa ne, in ya shigo sai ta ce, "Auta, goge ƙafarka."

Ɗakin Yaya a ƙasa yake, ƙofarsa na kallon titi. Akwai dogon tebur mai ƙusoshi biyu a kafe, da babban almakashi, da kyandir a murfin gwangwani. A jikin bango naɗe-naɗen madaurin jaka ne, baƙi da shuɗi, a jingine kamar tayoyin keke. Tun rasuwar mijinta sana'arta ke nan: ta ja madauri daga wannan ƙusa zuwa waccan, ta datse, ta lasa wa bakin harshen kyandir don kada ya tsefe. Wani mai ɗinkin jakunkunan makaranta, wanda kowa ke kira Mai Jaka, shi ke kawo naɗin ya kwashe yankakku. Ƙofar nan ba ta rufuwa sai rana ta faɗi. Maƙwabta a wurinta suke barin makulli, a wurinta suke barin saƙo, wani lokaci har da damuwarsu.

Kullum da safe Kunne kan biya ya sha shayi kafin ya buɗe shago. Wata safiya ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a ciki, ɗaya a waje. Almakashin Yaya cizo ɗaya yake yi tun da ya san shi. Yau sai ya ji cizo biyu, da ɗan numfashi a tsakani.

"Yaya, nuna mini hannunki."

"Ka zama likita ne? Zauna ka sha shayinka."

Ya kama hannun. Gindin babban yatsanta ya kumbura, ya yi tauri kamar ƙullin igiya.

"Tun yaushe?"

"Tun da ka daina kallo ka koma saurare," in ji ta, ta janye hannun.

A hankali maganar ta fito. Mai Jaka ya ce, cikin kunya da sunkuyar da kai, an kusa komawa makaranta, in aikin ya yi mata yawa zai raba da wasu. Kowa ya san ma'anar raba. Babban ɗanta kuma, wanda take kira Akawu tun ranar da ya samu aikin ofis, ya yanke hukunci: ƙarshen wata zai zo da mota ya kwashe ta zuwa gidansa, a hawa na can sama, ta huta.

"Ta huta!" Yaya ta ce. "A ɗora ni a sama kamar tsohon akwati, in zauna ina ƙirga rufin mutane. Wa zai bar mini makulli a can? Tsuntsaye?"

Kunne ya shanye shayin, ya auna tsakanin ƙusoshin nan biyu da igiya, ya ƙulle, ya sa a aljihu.

Shagonsa kabarin injuna ne, shi kuma bai taɓa yarda sun mutu duka ba. Daga wani mataccen injin buga takarda ya ciro robobi biyu masu jan takarda, da moto, da ɗan akwatin da ke ba moton ƙarfi. Ya yi gindi da ƙarfen tsohon gado. Wuƙar kuwa, ya haɗa ta da zuciyar dutsen guga, yadda za ta sauko da zafi ta yanka ta ƙone baki lokaci guda, almakashi da kyandir a jiki ɗaya.

Moton nan ba irin na fanka ba ne, da za a ba shi wuta ya yi ta gudu sai an ce ya isa. Taku-taku yake tafiya, masu sana'a na ce masa sitefa. A buga masa sau ɗaya, ya yi taku ɗaya, ɗan ƙanƙane kamar motsin gashin ido. Duk abin da ya iya ƙirga bugun, ya iya auna madauri ba tare da ƙusa ba. Abin da ya rage wa Kunne shi ne mai ƙirgar, wato akwatin umarni, wanda ake kira fi-el-si. Shi kaɗai ne ba ya cikin kabarin. Dole a saya, aljihun kuma na mai gyaran fanka ne.

Ya tafi shagon kayan wuta na bakin kasuwa. Mai shagon tsohon abokin aikinsa ne a masaƙa, amma yanzu ƙafa ta hana shi fitowa, 'yarsa ce ke zaune a kanta. Ta yi karatun injiniya, tana da saurin baki da saurin hannu. 'Yar Mai Shago ake ce mata.

"Baba Kunne! Yau wace fanka ce ta yi mura?"

"Ba fanka ba ce, 'yata. Ƙwaƙwalwa nake nema."

"Taka ta ƙare ne?"

"Ta inji, mara kunya."

Ta fara nuna masa wani babba a cikin gilashi, mai allo a goshi. Kunne ya ce ko kwalinsa ya fi ƙarfinsa. Ta ce da ma don ya wanke ido ne, domin wannan bayan an saye shi sai an sake sayen manhajar da ake rubuta masa umarni, da wayarsa ta musamman, kamar baƙon da ya zo da iyalinsa. Sai ta zaro wani daga ƙasan kanta, tsirara, ba murfi ba takarda.

"Wannan kusan kyauta ne. Amma araha ba ta ado, Baba. Ran da ya mutu ba mai zuwa ta'aziyya."

A kan kanta ta tsakiya akwai wasu guda biyu, farare ƙanana, kamar tagwaye, kuma kuɗinsu bai fi ƙarfinsa ba. Ta sa wa na farko wuta, ya ce ƙwas. Ta sa wa na biyu, sai ya ƙifta 'yar fitila kawai, bai ce uffan ba.

Fuskar Kunne ta washe tun a ƙwas ɗin farko, kamar wanda ya ji yaren garinsu a tasha.

"Na rile ne wannan?"

"Na rile ne. Ɗayan na tiransista. Me za ka juya da shi?"

Ya faɗa mata. Ta ajiye wanda ke hannunta.

"In sitefa ne, ɗauki mai shirun. Na rile ba zai iya bin sa ba."

"'Yata, tun ba a haife ki ba rile ke juya injin da ya fi shagon nan girma."

"Girma daban, sauri daban, Baba."

"Abin da ba ya magana, ran da ya yi mini ƙarya ta ina zan kama shi?"

Ta dube shi, ta dubi furfurarsa, ta yi dariya ta haƙura. Ta buɗe kwamfuta don rubuta umarnin, sai ga zane a allo kamar tsani, layi biyu a tsaye da matakai a tsakani. Kunne ya matso da kujera. Ai irin zanen da ya yi rayuwa yana karantawa ne a bayan ƙofofin akwatunan masaƙa. Ya yage gefen kwali ya zana nasa tsanin da biro, ita kuma ta shigar. Ba ta gyara masa ko mataki ɗaya ba.

"Zanen ba shi da laifi," ta ce tana naɗe masa akwatin mai rile. "Amma ka shaida na faɗa."

Washegari da hantsi aka ɗora injin a kan teburin Yaya. Ta ja kujera ta zauna, ta harɗe hannu kamar alƙali. Kunne ya cusa bakin madauri tsakanin robobin, ya yi bisimilla, ya danna.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Daɗin sautin ya sa ya lumshe ido. Da ya buɗe, madaurin bai matsa ko faɗin farce ba.

"Auta," in ji Yaya, "in je kasuwa in dawo, ko in jira ya kai rabi?"

"Yana ɗumama jiki ne."

"Hawainiya ma da ta gan shi sai ta yi masa gori."

Ta ɗauki almakashi da hannun hagu, ta ja, ta datse, ta lasa wa kyandir, ta ajiye a gabansa. Ta yi na biyu. Injin na nan yana ƙwas-ƙwas da natsuwar wanda ba a jiransa a ko'ina.

Kunne ya murɗa ɗan maɓallin sauri. Ƙwas ɗin ya koma kaf-kaf-kaf. Ya ƙara murɗawa, ya koma kamar haƙoran mai zazzaɓi. Moton ya shiga karkarwa, ya yi gaba ya tsaya, ya yi gaba ya tsaya. Wuƙa ta sauko ta yanke wani guntu, ta sake saukowa ta yanke wani da bai kai shi ba. Kunnensa ya gaya masa rilen roƙo yake yi, amma hannunsa ya ƙi sakin maɓallin. Sai wari ya tashi, na roba da ta sha wuta. Ƙwas ɗaya mai nauyi, daga nan shiru.

Ya jira Yaya ta yi masa ba'a. Da ta yi, da ya fi masa sauƙi. Sai ta tattara guntayen da suka lalace, ta jera su a gefe, ta ce a hankali, "Bar shi, Auta. Ka yi iya yinka. Akawu ya ce ɗakin saman yana da iska."

Sai a lokacin ya lura da kwalin da ke bayan ƙofa. Ta riga ta fara naɗe kofunanta da tsohuwar jarida.

Rana tsaka ya isa shagon bakin kasuwa, akwatin a hammata. 'Yar Mai Shago ta shinshina iska tun kafin ya ajiye.

"Wanda ya ƙi ji..." ta fara.

"Ba ya ƙi gani ba. Na gani, har na shaƙa. Ga shi kuma Kunne ake ce mini." Ya cire hula ya ajiye a kan kanta. "Yau ɗalibi ne ya zo. Fara daga farko, kamar ban taɓa riƙe waya ba."

Wannan ne abin da mutanen layin ke faɗa game da Kunne in ba ya nan. Yana da taurin kai kamar ƙusar kankare, amma ran da ya gane ya yi kuskure ba ya neman wanda zai rataya wa. Da ƙafarsa yake komawa, da rana, a gaban kowa.

Ta ɓalle murfin, ta nuna masa rilen da ya narke. Ta ce a cikinsa akwai harshen ƙarfe, dole ya tashi ya sauka a kowane bugu, kuma duk abin da ke da jiki yana gajiya. Moton kuwa kafin ya ja madauri guda sai an buga masa dubbai, kuma cikin ƙiftawar ido yake son su. Tiransista ba ta da harshen da zai motsa, don haka ba ta haki.

"Kamar ka sa mai sallama ya ƙwanƙwasa ƙofa sau dubu kafin ka haɗiye yawu," ta ce.

"Ni na kashe shi ke nan."

"Kai ka kashe shi. Moto nawa ne a injin?"

"Ɗaya."

"To kada ka biya kuɗin akwatin da ke ɗaukar moto da yawa, kana da baƙo ɗaya ba ka gina masauki." Ta juya mai shirun, ta nuna masa wata ƙofar waya da aka yi wa alama. "Ba kowace ƙofa ce mai sauri ba, ko a nan. Wannan ce aka yi don bugu. Ta kusa da ita kuma ta gaya wa moton gaba ko baya. Manhajarsa kyauta ce, wayarsa irin ta kowa ce, in ya lalace akwai ɗan'uwansa a kan kanta. Araha ta gaskiya ke nan, Baba, ba ta ranar saye kaɗai ba."

Ya tsaya yana duban wanda ya ƙona. Ta gane abin da ke ransa.

"Akwai mai neman akwatin da zai kunna masa injin ruwa in tanki ya sauka. Shi ba gaggawa yake ba, rile ya dace da shi. In ka sa sabon rile da hannunka a madadin wanda ka kashe, mu yi musaya: in ba shi wannan akwatin, ka ɗauki mai shirun."

A nan kan kanta ya zauna ya yi aikin, da dalma da ƙarfe mai zafi, ya yi shi tsaf kamar ɗinkin amare. Da ya gama ta sa masa wani abu a tafin hannu, rile guda, sabo.

"Mai shirun ba zai iya ɗaukar nauyin wuƙarka ba, wutarta ta yi masa yawa. Shi zai ba da umarni, wannan ya ja. Ga abokin hirarka, kada kewa ta kashe ka."

Da la'asar ta bar wa maƙwabcinta shago, ta biyo shi da kwamfuta. Yaya ta ba ta kujera mai kyau, ta bar Kunne a tsaye. Aka ɗaura wayoyi, aka danna. 'Yar fitila ta ƙifta. Moton ya kwarara ihu mai tsini, ya ƙi motsawa ko taku ɗaya.

"Madalla," in ji Yaya. "Da safe hawainiya, da yamma jaki. Ga kuka, ga tsayuwa."

'Yar Mai Shago ta duƙa kan allo tana bin lissafinta. Ƙirgar daidai take. Kunne kuwa ya zaro sukudireba. Ya kusa ɗora ta a kan akwatin, bisa sabo, sai ya fasa, ya ɗora a kan moton. Ya lumshe ido. A ƙarƙashin ihun ya ji wani abu kamar ƙafa na zamewa a kan santsi, tana neman wurin takawa tana rasawa.

"Daga tsaye muka ce ya ruga," ya ce. "Ba a yi wa mai rai haka, balle ƙarfe. Yaya, ja mini guda ɗaya yadda kika saba."

"Ka mayar da ni 'yar gwaji?"

"Ja dai, don Allah."

Ta kama bakin madaurin. Ya saurari shafarsa a kan katako. Da taushi ta fara, kamar mai tada yaro daga barci, sannan ta zura da sauri a tsakiya, da ta kusa ƙusa sai ta sassauta ta sauka a kanta ba tare da ta wuce ba. Shekara da shekaru hannun nan na rera wannan waƙa, ba wanda ya taɓa cewa waƙa ce.

"Kin ji?" ya ce wa 'Yar Mai Shago. "Akwatin naki zai iya haka?"

"Akwai wurin sa masa hawa da sauka. Amma nawa zan sa, sai an gwada."

"Ke sa, ni in ji."

Ta sa, aka danna. Moton ya ɗan tafi ya shaƙe. "Sassauta farkon." Ta sassauta. Ya tafi, amma a ƙarshe ya yi tuntuɓe. "Ba shi wurin sauka." Ita da yatsu a kan allo, shi da ƙota a kunne, Yaya a tsakiya tana cewa su biyun duk ba su kai almakashi ba. Sai can moton ya ɗauki murya daga ƙasa, ya hau da ita siririya, ya riƙe, ya sauko a hankali ya ajiye. Ƙwas. Wuƙa ta sauka, ɗan hayaƙi ya tashi, madauri ya faɗo kan tebur.

Yaya ta ɗauka. Ba ta yarda da kowa ba sai ƙusoshinta. Ta shimfiɗa shi tsakaninsu, ya zauna daram, ba ragi ba ƙari. Ta jira na biyu ta gwada, ta jira na uku. Ta murza bakin da yatsa ta ji ya ƙone sumul. Daga nan ta tashi ta nufi bayan ƙofa, ta kwance kofuna daga cikin jarida.

"'Yata, za ki sha shayi," ta ce. "Auta, kai ma in ka ga dama."

Ranar da Akawu ya zo da mota, da igiyoyin ɗaure kaya a bayanta, ya tarar da ƙofa a buɗe, maƙwabciya na rataye makulli a ƙusar bango. Mahaifiyarsa na zaune, hannun dama a kan cinya yana hutawa, na hagu na gyara zaman naɗi. Yankakkun madauri sun taru dami-dami har gindin taga.

"Mama, ba ki shirya ba?"

"Na shirya mana. Ga kayan can. Kwashe ka kai wa Mai Jaka, ka ce ya aiko da wasu naɗin, shuɗi ya ƙare."

Akawu ya dubi injin, ya dubi kawunsa da ke jingine da bango yana kallon rufi kamar bai san komai ba.

"Kawu, kai ne da wannan aikin?"

"Ni ɗan aike ne. Hannun nata ne, aka zuba a akwati."

Akawu ya tsaya ya ji moton ya hau ya sauka, ya ji ƙwas. Ya naɗe hannun rigarsa ta ofis, ya sunkuya ya ɗauki damin farko. Igiyoyin da ya kawo ba su yi asara ba.

Har yanzu Kunne kan biya da safe. Yakan tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, ya ji muryar ta hau, ta sauka, ƙwas, cizo ɗaya kamar da. Wani lokaci, in yana zaton Yaya ba ta kallo, sai ya ɗora sukudireba a kan farin akwatin ya saurara. Ba ya jin komai, kuma ya daina jin haushin haka.

"Bar shi ya yi aikinsa," in ji Yaya ba tare da ta juyo ba. "Ba kowa ne mai surutu irinka ba. Auta, goge ƙafarka."